Marigayi Dokta Barau Dikko: Likitan Farko na Arewa da Taron da Aka Yi a Garin Nan

Jama'a, da yawanmu mun san Barau Dikko ne a matsayin sunan asibiti. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Kaduna, ko ya je dubiya, ya ji ana ce wa direba ya sauke shi a Barau Dikko, kamar dai yadda mu a nan muke cewa a sauke mu a Taminus. Amma in ka tsaya bakin kasuwa ka tambayi samarinmu ko wane ne mai wannan suna, da wuya ka sami wanda zai ba ka amsa, in ban da wani ya yi maka shaci-faɗi ya ce tsohon gwamna ne ko wani basarake. To, bai taɓa yin gwamna ba, bai kuma yi sarauta ba. Likita ne, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya sami cikakken digirin aikin likita. Bugu da ƙari, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya aka fi sani da NPC, jam'iyyar su Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Dalilin da ya sa muka ɗauko tarihinsa a wannan fitowa shi ne hanyar rayuwarsa ta biyo ta garin nan namu fiye da sau ɗaya, kuma akwai abin da ya same shi wanda mu mazauna Jos za mu fi kowa gane shi.

Asalinsa da karatunsa

Cikakken sunansa Russel Aliyu Barau Dikko, shi ya sa a takardu ake rubuta R.A.B. Dikko. An haife shi a ƙasar Zazzau a shekarar 1912. Bafulatani ne ta wajen asali, Hausa ce harshensa, Kirista ne ta wajen addini. Ya fito ne daga wannan 'yar ƙaramar al'umma ta Hausawa da Fulani da suka taru a gindin wani Baturen mishan, Dokta Walter Miller, wanda Zage-zagi suke kira Likita Mila.

Shi Likita Mila yana cikin ayarin 'yan mishan da suka isa Kano a 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara. Zaman bai yi wa kowa daɗi ba. Sarakuna da malaman birni ba su so a ce ga mishan a tsakiyarsu, su kuma Turawan mulki ba su son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Wajen 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa, aka ba su fili a Wusasa, bayan gari. Ke nan mutanen da Dikko ya tashi a cikinsu 'yan ƙasa ne haihuwar wurin, harshensu ɗaya da na birni, danginsu suna ciki, amma sai da aka nuna musu bayan ganuwa. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa. Shi kuwa Likita Mila, wanda ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa da aka buga a 1932, a nan Bukuru ya ƙare kwanakinsa, ya rasu a 1952.

Daga makarantar mishan Dikko ya wuce King's College da ke Ikko, daga can kuma sai Jami'ar Birmingham a Ingila. Don a gane nauyin wannan tafiya, sai a tuna yadda ilmin boko yake a Arewa a wancan zamani. Babbar makarantar da ake taƙama da ita ita ce Kwalejin Katsina, ita kuwa malaman makaranta take yayewa. Makarantar koyon aikin likita da aka buɗe a Yaba a 1930 takardar da take bayarwa ba ta wuce ta mataimakin likita ba, kuma ba a san da ita a wajen ƙasar nan ba. Jami'ar Ibadan sai a 1948 aka kafa ta, ta Ahmadu Bello kuwa sai 1962. Saboda haka wanda yake son ya zama cikakken likita, dole ya hau jirgin ruwa ya yi makonni a teku, ya yi shekaru cikin sanyin da bai saba da shi ba, ba mai yi masa magana da harshen uwarsa. Ya yi, ya gama, ya kuma dawo gida. A 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin jami'in kiwon lafiya.

Arewar da ya tarar kuwa cike take da cututtuka. Agana tana kashe yara tana makantar da wasu, sanƙarau yana zuwa da zafin bazara ya share ƙauyuka, kuturta ta zama ruwan dare, ciwon barci ya addabi bakin rafuka har ta kai ga gwamnati ta tashi mutane daga garuruwansu a yankin Ancau ta ƙasar Zazzau ta sake musu matsuguni. Likitoci kuma duk Turawa ne, sai 'yan Kudu ƙalilan. Talaka in ya je asibiti sai da tafinta. Ranar da ya tarar da likita baƙar fata yana tambayarsa da Hausa ina ke yi masa ciwo, ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iskar siyasa ta fara kaɗawa. Kudu ta riga ta yi nisa, don tun 1944 aka kafa NCNC, ga jaridu suna ta caccakar Turawa. A Arewa kuwa 'yan boko ba su da yawa, kuma kusan dukkansu ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e, wanda ya ɗaga murya abincinsa yake wasa da shi. Sai suka riƙa fakewa da ƙungiyoyin tattaunawa da na tsofaffin ɗalibai, a Bauci da Zariya da Sakkwato da Kano.

A 1948 aka sami ƙungiyoyi biyu masu manufa iri ɗaya, ɗaya a Zariya wadda Dokta Dikko ya tara mutanenta, ɗaya a Kaduna a hannun Malam D.A. Rafih, ma'aikacin jirgin ƙasa. Ba a daɗe ba suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A watan Yuni na 1949 aka yi babban taronta na farko a Kaduna, aka zaɓi Dokta Dikko ya zama shugaba. Cikin waɗanda aka ba muƙamai tare da shi akwai Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Yusuf Maitama Sule, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur. Abin da suka ce sun fito yaƙa abu uku ne: jahilci da lalaci da zalunci. Sun kuma yi ta nanata cewa ƙungiya ce ta al'ada da ci gaban jama'a, mai taimaka wa sarakuna, don kada a ce sun shiga siyasa.

A dubi wannan jerin sunaye da kyau. Malam Aminu ɗan gidan alƙalai ne na Kano. Malam Sa'adu ɗan gidan limamai ne na Bauci, masanin Alƙur'ani da fiƙihu wanda ba a yi masa gardama. Malam Abubakar Imam ɗan malami ne. Waɗannan mutane, da idonsu biyu, suka sa Kirista ɗan Wusasa a gaba. Sun san addininsa sarai, shi ma bai ɓoye ba. Abin da suka duba shi ne ya fi su zurfin karatun zamani, Bature ba zai raina shi ba, kuma mutum ne mai natsuwa wanda kowane ɓangare zai iya zama da shi. A daidai waɗannan shekaru ne kuma wasu shugabannin Kirista na yankin nan, irin su Fasto David Lot, suka kafa tasu ƙungiyar ta kare muradun waɗanda ba Musulmi ba, wadda ta zama tushen siyasar Tsakiyar Nijeriya. Suna da dalilansu. Shi dai Dikko ya tsaya inda ya ga nan ne gidansa.

Taron Jos na 1950

Ƙungiyar ba ta cika shekara biyu ba aka fara jan zare. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa ya nemi a yi wa tsarin mulkin En'e gyara, maganar da ta girgiza fadoji. A cikin wannan wata ne kuma, ranar 8 ga wata, wasu samari a Kano suka kafa NEPU, suna cewa talaka ya gaji. Da yawansu kuwa 'yan Jam'iyyar Mutanen Arewa ne.

A watan Disamba na 1950 aka kira babban taron ƙungiyar a nan Jos. Ba abin mamaki ba ne a zaɓi garin nan. Gari ne na kuza da ciniki wanda ya tara mutane daga kowane lardi, ba shi kuma ƙarƙashin wani babban sarki mai sanda da za a ji nauyin yin magana a gabansa. Ga hanya: ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos tun 1914, babban layi kuma ya iso a 1927, wanda ƙarshensa ne ya ba Taminus sunanta.

A wurin wannan taro ne aka rabu. Wakilan Kano, waɗanda akasarinsu 'yan NEPU ne, suka matsa a daina ɓoye-ɓoye, a fito fili a zama jam'iyyar siyasa, a kuma faɗa wa sarakuna gaskiya. Masu sassaucin ra'ayi suka ga in aka yi haka sarakuna da Razdan-Razdan za su murƙushe ƙungiyar tun ba ta yi ƙwari ba, ma'aikata kuma su rasa aikinsu. Dokta Dikko ne shugaba a lokacin, nauyin riƙe ɓangarorin biyu yana wuyansa, amma abin ya fi ƙarfin lallashi. 'Yan NEPU suka kama gabansu. Wannan tsagewa da aka yi a garin nan ita ce ta raba siyasar Arewa gida biyu har zuwa 1966, ta raba unguwanni, ta raba wa da ƙane. Dattawanmu da suka ga zamanin NEPU da NPC a cikin garin Jos sun san abin da muke nufi.

Har yau akan yi gardama a kan wa ya fi gaskiya. Masu ra'ayin sawaba suna ganin su Dikko sun cika tsoro. Wasu kuma suna ganin da ba su bi a hankali ba, da ba a sami wata jam'iyyar da za ta tsaya wa Arewa ba lokacin da zaɓe ya zo. Mu ba za mu yanke wannan shari'a ba. Abin da ya biyo baya dai ya nuna sassaucin bai ceci kujerar Dikko ba.

Fitarsa daga gidan da ya gina

A 1951 aka fara zaɓe a ƙarƙashin sabon tsarin mulki na Gwamna Macpherson. A zagayen farko NEPU ta ba da mamaki a Kano da wasu garuruwa. Nan take manya suka farga cewa su ma suna bukatar jam'iyya, ga kuma ƙungiya a shirye mai rassa a larduna. Ranar 1 ga Oktoba 1951 aka ba da sanarwar cewa Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna ciki. Abin da aka ƙi yi wa samarin Kano a Jos, bai cika shekara ba aka yi shi, sai dai a hannun wasu mutanen dabam.

Dokar aiki kuwa ta hana ma'aikacin gwamnati riƙe muƙami a jam'iyyar siyasa. Saboda haka aka sa Dokta Dikko a tsaka mai wuya: ko ya ajiye aikin likita, ko ya ajiye shugabanci. Ya ajiye shugabanci. Alhaji Sanda, wani attajiri mazaunin Ikko, ya riƙe kujerar, har zuwa 1954 da aka sake yin babban taro a nan Jos aka zaɓi Sardauna ya zama shugaban jam'iyya.

Daga nan Dikko ya yi shekara 16 ba a jin ɗuriyarsa a fagen siyasa. Yana zaune yana kallon waɗanda suka shigo bayansa suna zama ministoci, ana yi musu kiɗa da kirari, ana rubuta tarihin jam'iyya kamar daga kansu ta fara. Wani ne da ya yi fushi ya koma wajen abokan hamayya, ko ya tattara ya koma Ingila inda takardarsa take da daraja. Shi kuwa ya koma asibiti. A 1953 ya zama babban jami'in kiwon lafiya, a 1957 aka ɗora shi a kan sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa, bayan samun mulkin kai kuma ya zama babban sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Wato ya yi aiki a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar da shi ya kafa, yana karɓar umarni daga ministocinta. A namu ganin, a lokacin da 'yan Arewa masu digirin likita ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, zaɓin da ya yi shi ne ya fi amfanar talaka. 'Yan siyasa ba su yi ƙaranci ba a wancan lokaci, likitoci ne babu.

Dawowarsa

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, gwamnatin soja kuma ta rushe jam'iyyu duka, har da NPC da NEPU. Aka sake juyin mulki a watan Yuli. Aka yi kashe-kashen da suka ci rayukan 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, Jos da Bukuru ba su tsira daga wannan abin kunya ba. Ƙasa ta kama hanyar wargajewa.

Wanda mulki ya faɗo wa a hannu shi ne Yakubu Gowon. Iyayensa Angasawa ne daga ƙasar Fankshin ta nan Filato, aikin bishara ya kai mahaifinsa Wusasa, a can yaron ya tashi, ya yi karatu a Zariya, Hausa ta zauna a bakinsa. Ke nan kamar yadda kuza ta kawo kakanninmu kan dutsen nan, haka wani dalilin ya kai ɗan dutsen nan ƙasar Zazzau.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato. A watan Yuni ya kira fararen hula su shiga majalisar zartarwa ta tarayya, aka ba Dokta Dikko Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki. A teburin da ya zauna akwai Cif Obafemi Awolowo, akwai Joseph Tarka jagoran siyasar Tsakiyar Nijeriya, akwai kuma Malam Aminu Kano wanda ya zama jagoran NEPU. Shekara 17 bayan rabuwar Jos, ga su wuri guda, yaƙin basasa kuma ya ɓarke a watan Yuli.

Ma'aikatar da aka ba shi ta shafe mu kai tsaye, domin ita ke kula da haƙar kuza, sana'ar da ta kawo kakannin da yawanmu nan, wasu da ƙafarsu don neman abinci, wasu kuma ta hanyar aikin tilas da Turawa suka ɗora wa larduna daga 1942 zuwa 1944. Amma a zamaninsa ne ma'auni ya karkata. Man fetur, wanda aka gano a Oloibiri a 1956, shi ne ya zama abin da ake yaƙi a kansa, shi ne kuma ya zama jigon baitulmali. A lokacin da yake riƙe da ma'aikatar aka kafa dokar man fetur ta 1969, wadda ta danƙa mallakar duk man da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, a lokacin ne kuma madatsar ruwa ta Kainji ta fara ba da wuta. Kuza kuwa ta ci gaba da ja da baya har kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985, ta bar mana kududdufai da tsofaffin lebura. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri. Ya rasu a 1977, shekarunsa sun ɗan haura 60. Daga baya aka sa wa babban asibitin nan na Kaduna sunansa, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna.

Abin da ya rage mana

Mu da aka haifa a Jos, aka haifi iyayenmu a Jos, mun san zafin a ce maka kai baƙo ne a inda aka binne cibiyarka. Mun ga abin da wannan magana ta jawo a 1994, da 2001, da 2008, da 2010, mun kuma ga babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, arzikin Musulmi da na Kirista ya tashi a hayaƙi ɗaya. Abin da muke roƙo kullum shi ne a auna mu da aikinmu da halinmu.

To, tarihin Dokta Dikko yana tuna mana cewa wannan ma'auni da muke nema, mu ma ana bin mu bashinsa. Mutanensa an taɓa fitar da su bayan ganuwa a garin haihuwarsu saboda addininsu, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne a cikin ganuwar. Bayan shekara 20 kuma wasu Hausawan, malamai 'ya'yan malamai, suka ce shi ne ya cancanci ya shugabance su. Duka biyun tarihinmu ne, sai mu zaɓi wanda za mu gada. In maƙwabcinmu a layi ko a rumfar kasuwa ya fi cancanta da wani amana, mu ba shi, kada mu tsaya tambayar inda yake ibada.

Sai kuma maganar karatu. Abin da ya sa aka kasa ture Dikko gefe har abada shi ne yana da abin da jama'a ba za su iya yi ba tare da shi ba. An karɓe masa kujera, ba a iya karɓe masa ilminsa ba, da ƙasa ta shiga uku kuma aka neme shi. Shi sai da ya ƙetare teku kafin ya zama likita. Mu kuwa ga Jami'ar Jos a cikin garinmu tun 1975, tana koyar da aikin likita. Ya kamata kowane mai hali a cikinmu ya tambayi kansa yara nawa ya ɗauki nauyin karatunsu, maza da mata, musamman da yake matanmu sun fi sakin jiki in mace ce ta duba su. Wanda ba shi da ɗa mai wannan ƙwazo, akwai ɗan maƙwabci.

In Allah ya kai ɗayanmu Kaduna ya wuce ta ƙofar asibitin nan, ya gaya wa yaron da ke tare da shi ko wane ne mai sunan, ya kuma gaya masa cewa a garinsu Jos aka yi taron da ya sauya rayuwar mutumin da siyasar Arewa baki ɗaya.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya shirya mana zuriya. Amin.